Littattafan Jiddo da Fushin Kawu

Wasiƙar wannan mako daga cikin birnin Katsina ta fito. Na taƙaita ta, na cire sunaye da unguwa.

"Assalamu alaikum Gwaggo. Kakana na wajen uwa ya rasu wata 5 da suka wuce, ya haura shekara 80. Mutumin Sudan ne, daga Wad Madani. Tun zamanin Sardauna ya zo ƙasar nan yana saurayi, ya yi aikin binciken auduga a gonakin gwaji na kudancin lardin Katsina, ya auri kakata Bakatsiniya, bai sake komawa da zama ba. Jiddo muke ce masa. Ni ce jikarsa ta fari, a hannunsa na tashi. Shi ya koya mini karanta ma'aunin ruwan sama da ya kafa a tsakar gida tun ban iya rubuta sunana ba. Ina wajen bautar ƙasa a kudu ya cika, kafin in iso an kai shi.

"A ɗakinsa akwai akwatin ƙarfe 2 cike da littattafan da ya rubuta da hannunsa, wasu da Larabci wasu da Turanci, sun kai 40, ga wasiƙu ga hotuna. Yanzu Hajiya ta fita takaba, za a raba gado. Kawuna, babban ɗansa, ya ce a share ɗakin, takardun a ba mai ƙosai ko a ƙona. Ni kuma na ce ina son in haɗa taron tunawa da shi, a gayyato malaman jami'a, in buga ɗan littafin tarihinsa. Har na fara rubutawa, na sa masa suna 'Farfesan da ya kawo auduga Arewa'. Kawu ya ce bidi'a ce, ya ce in daina tono maganar Sudan, mu Katsinawa ne. Raina ya ɓaci, na ce masa a gaban mutane kunyar ubansa yake ji. Tun ranar ba ya amsa gaisuwata, mahaifiyata kuma sai kuka. In kwashe akwatunan da dare in kai gidan ƙawata? Yaya zan yi kada a manta da shi?"

Wa alaikumus salam, ɗiyata. Allah Ya jiƙan Jiddo, Ya haskaka makwancinsa, Ya ba ku haƙurin rashi. Na karanta wasiƙarki sau biyu, duka biyun na tsaya a inda kika ce kafin ki iso an kai shi. Kin rubuta shi a gurguje kamar ba komai ba, amma ina jin daga nan wutar take ci. Wanda bai sami gawa ba yakan daɗe yana laluben abin da zai riƙe, ke kuwa akwatunan nan kika riƙe. Ki sani ba ki yi masa butulci ba. An gaggauta kai shi ne yadda addini ya ce, addu'arki daga can kuma ta isa inda ta masu tsayuwa a bakin kabari ta isa.

Kada ki taɓa akwatunan nan da dare. Duk abin da mamaci ya bari, daga gida har allura, ya zama dukiyar magada tun ranar da ya cika. Ke jika ce ta wajen 'ya mace, a fiƙihun Malikiyya da kotunanmu ke hukunci da shi ba ki cikin magada, sai fa in ya yi miki wasiyya, ba ki kuwa ce ya yi ba. Hajiya tana da tumuni, abin da ya rage na 'ya'yansa ne, namiji rabon mata biyu. In kika kwashe a ɓoye kin ɗauki abin da ba naki ba, kin kuma miƙa wa Kawu sandar dukanki: daga ranar maganar takardu ta mutu, sai maganar yarinyar da ta yi sata a gidan gado. Amma igiyar da ta ɗaure ki ita ta ɗaure shi. Zamansa ɗan fari bai ba shi ikon ƙona abin da 'yan'uwansa ke da haƙƙi a ciki ba. Mahaifiyarki magajiya ce. Ranar rabo ta ce wa malamin da zai raba, a gaban kowa, a yi wa akwatunan kuɗi a sa mata a cikin kasonta. Tunda Kawu da bakinsa ya yi musu kuɗin takardar ƙosai, ba za su yi mata tsada ba. Ki lallashe ta ta share hawaye ta faɗi wannan magana guda.

Kafin ranar akwai bashi a kanki. Kin ce wa dattijo a bainar jama'a kunyar ubansa yake ji, alhali ƙasar kabarin uban ba ta gama kwanciya ba. A garin da kirarinsa ke cewa kunya gare mu ba tsoro ba, kin san nauyin wannan kalma. Ki sami Hajiya, ko wata babba da yake jin nauyinta, ta raka ki gidansa bayan la'asar. Ki durƙusa ki ce, "Kawu, na yi kuskure, ka yafe mini." Ki tsaya nan. Kada "amma" ta biyo baya, kada ki ambaci takarda ko ɗaya a ranar. In ya ɗaure fuska ki koma wani mako. Durƙusa wa wada ma ba gajiyawa ba ne, balle wan mahaifiyarki.

Ina so ki ɗan zauna a tabarmarsa. Jiddon da kika sani tsoho ne da ya ajiye aiki, mai lokaci, mai alewa a aljihu, yana kiranki amaryarsa Hajiya na ce miki kishiya. Haka kakanni suke, jika ba ya ganin bulalarsu. Wanda Kawu ya sani kuwa matashi ne a baƙuwar ƙasa, Hausarsa a karye, ya yi damina guda a gonar gwaji, in ya dawo ya turo ƙofa a kan waɗannan littattafai. Ɗan farin irin wannan uba shi ke shan matsi, domin uban yana son gari ya shaida gidansa bai gaza ba. Akwatin da kike gani taska, shi wataƙila abin da ya ƙwace masa uba yake gani. Ki tambayi mahaifiyarki yadda suka tashi.

Maganar "mu Katsinawa ne" kuma, ruwa ba ya tsami banza. A doka ba shi da abin tsoro. Sashe na 25 na tsarin mulkin 1999 ya ce wanda aka haifa a Najeriya bayan samun 'yancin kai, in ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ɗan ƙasa ne, to shi ma ɗan ƙasa ne ta haihuwa. Hajiya kaɗai ta isar masa, ta isar wa 'ya'yansa. Sashe na 42 kuma ya hana a tauye ɗan ƙasa saboda asalinsa ko yadda aka haife shi. Sai dai takardar asali ta ƙaramar hukuma, wadda ake nema wurin shiga jami'a da aikin gwamnati da na soja, a aikace gidan uba ake tambaya, mai unguwa da hakimi su shaida. Ke sunan gidan ubanki kike ɗauke da shi, Sudan a wurinki ƙamshi ce kamar turaren wuta. Kawu da 'ya'yansa su ke rubuta sunan Jiddo a kan kowane fom. Mutumin da mai yiwuwa tun yana firamare ake ce masa ɗan baƙo, ya yi rayuwarsa yana kafa ƙafarsa a gari, sai ga 'yar ƙanwarsa za ta kama lasifika.

Ni da ke mun san Katsina ba garin da baƙo ke ƙarewa a zaure ba ce. Wali Ɗan Masani, na unguwar Masanawa, asalin gidansu Barno ne. Shehu Magili daga Tilmisan ta Aljeriya ya taso ya ratso Kano da Katsina a ƙarshen ƙarni na 15. Labarin da Daura ke taƙama da shi ma na baƙo ne da ya iso da dare yana neman ruwa a Kusugu. Ki riƙe wannan ranki ya yi sanyi, amma kada ki kai wa Kawu shi a matsayin hujja, Bayajidda bai taɓa bin layin karɓar takardar asali ba. Alkawari za ki kai masa: ba za a buga komai ba sai ya gani, sunayen 'ya'yansa da hotunansu ba za su fita ba sai da izininsa, abin da ya ce na cikin gida ne a cikin gida zai zauna.

Taron kuwa ki ajiye shi. Taruwar da ake sa wa rana don mamaci, ta uku ce ko ta arba'in ko ta shekara, malamai sun saɓa a kanta, a gida ɗaya sai ki tarar da ɗan Izala da ɗan ɗariƙa suna cin tuwo a kwano ɗaya ba su daidaita ba. Ba ke za ki raba wannan gardama ba. Ko ba don haka ba, a cikin abin da kika lissafa taron ya fi tsada ya fi saurin wucewa. A yi hayar kujeru, manya su zo a makare, a karanta jawabi, a raba shinkafa a roba, gari na wayewa ba mai iya faɗin abu ɗaya da Jiddo ya gano. Abin da kowa ya yarda da shi shi ne hadisin da Muslim ya ruwaito, cewa in ɗan Adam ya mutu aikinsa ya yanke sai abu uku: sadaka mai gudana, ko ilimin da ake amfana da shi, ko ɗa nagari mai yi masa addu'a. Na biyun yana kwance a akwati, na ukun kuwa Kawu ne kafin ke. In lokacin magana ya yi, da wannan harshe za ki yi masa ita.

Yanzu bari in taɓa inda zai yi zafi. Ki goge sunan da kika sa wa littafin. Jiddo bai kawo auduga Arewa ba. Kakannin kakanninmu na noman ta, mata na kaɗi da mazari, masaƙa na saƙa, marina na rini, ɗaruruwan shekaru kafin Bature ya leƙo. Irin Amurka da ake kira Allen, wanda ya mamaye gonakin kasuwa, tun wajen 1912 aka shigo da shi, injin gurzar auduga na Zariya kuma yana aiki kafin a haifi kakanki. Duk tsohon manomin Funtuwa ko Malumfashi da ya ji wannan suna dariya zai yi, daga nan ba zai ƙara yarda da abin da ke cikin littafin ba ko da gaskiya ne. In kuma jami'a ba ta ba shi farfesa ba, kada ki ba shi. Muna da wannan hali na hura mamaci. Kowane marigayi bai taɓa faɗa da kowa ba, bai taɓa kuskure ba, shi ya sa tarihin mutanenmu duk kamarsu ɗaya, in an cire suna ba a gane na wane ne.

Ki buɗe littafin ruwan sama ki dubi ranakun da ba a yi ruwa ba. Mai irin wannan aiki ba ya ƙara ɗigo don shafi ya yi kyau. Sifiri yake rubutawa, gobe ma ya sake, har rani ya ƙare. Mutumin da ya yi shekaru yana rubuta sifiri a inda sifiri yake bai kamata jikarsa ta yi masa ƙari ba. Ki rubuta shi yadda ya rubuta ruwa. In mai zafin rai ne ki faɗa. In gwajin da ya sa rai a kansa ya lalace, ki faɗa.

Gaskiyar aikinsa ta ishe shi ado. Wad Madani ita ce cibiyar Jazira, filin da ke tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu, inda aka gama madatsar Sennar a 1925 aka shimfiɗa noman auduga na ban-ruwa, ɗaya daga cikin mafiya girma a duniya. A can auduga ba ta jiran sama, magudana ke kawo mata ruwa a kan ƙa'ida. Saurayin da ya koyi aiki a wannan tsari sai ya faɗo ƙasar da komai ya rataya ga daminar wata huɗu. Ni a ganina daga nan ma'aunin tsakar gida ya samo asali. Aikin gonar gwaji kuwa ba shi da kwarjini ko kaɗan. A yayyanka fili ƙanana-ƙanana, a shuka wannan a tsakiyar Yuni wancan a Yuli, a bambanta tazara, a yi wa wani feshi a bar wani, a bi ana ƙirga tsutsar da ke huda ƙwallon auduga, in kaka ta yi a auna abin da kowane yanki ya bayar, baɗi a sake. Shekara da shekaru gwajin cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya yana nuna shukar tsakiyar Yuni ta fi ba da amfani nesa ba kusa ba, manoma kuma suna jinkirtawa zuwa Yuli, domin gero da dawa ke ciyar da gida, su ake fara yi wa shuka da noman farko. Jami'ai da yawa taurin kai suka kira wannan. Ki nemi abin da Jiddo ya rubuta a gefen shafi game da manoman da ya yi aiki da su, a nan za ki ga halinsa.

Ki duba shafukan 1972 da 1973, shekarun farin da ya kashe dabbobi ya kwararo mutane daga Nijar zuwa garuruwanmu, da na 1983 da 1984. Ki duba 1986, shekarar da gwamnati ta rushe hukumomin sayen amfanin gona har da ta auduga, aka bar manomi da 'yan kasuwa. Duk ya gani da alƙalami a hannu. Awon ruwan wuri guda na kowace rana, shekaru a jere, masu binciken sauyin yanayi nemansa suke ruwa a jallo, domin tashoshin awo a ƙasarmu kaɗan ne, da yawa kuma bayanansu sun yanke a tsakiya.

In akwatunan sun zo hannun mahaifiyarki, abokan gabarki gara ce da damshi da kyankyasai, sai kuma hannun masoya. Ki ɗora su a kan benci nesa da bango, a ɗakin da ba ya yoyo. Kada ki naɗe littattafan a leda, damina na shigowa za su yi gumi su yi funfuna. Kada ki kai a yi musu laminatin, zafin injin da gam ɗinsa suna lalata takarda kuma ba a iya warwarewa. Inda ya yage a bar shi, ban da salatif. Ki bar kowane abu a inda kika same shi; wasiƙar da ya soke a tsakiyar littafin wata shekara akwai dalilin da ya sa ta nan. Ki ba kowane littafi lamba da fensir, ki ɗauki hoton shafukan ɗaya bayan ɗaya da waya, da safe a inuwa. In kowane littafi shafi 100 ne, shafi 4,000 ke nan, kina yin 50 a rana kafin wata 3 kin gama. Hotunan su zauna a wayarki, da filash a hannun wani, da ma'ajiyar intanet.

Sannan ki nemi masu sani. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda ta faro a 1922 ta shiga Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, har yau ita ke riƙe da binciken auduga. Akwai Arewa House a Kaduna, tsohon gidan Sardauna, inda ake adana takardun tarihi. A nan gida ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa. Kwafi za ki kai. Asalin ya zauna a gida sai magada sun yarda, abin da zai fita kuma ya fita da takarda mai sa hannu da sharaɗin a ambaci sunan mai aikin. Na ga wanda ya ari littafin wani tsoho "na mako ɗaya", har yau makon bai cika ba.

Da za ki tambaye ni abin da ya fi gaggawa, Hajiya zan nuna miki. Takarda in ta tsira daga gara tana iya jiran shekara 10. Tsohuwar da ta rasa abokin zaman fiye da shekara 50 ba mai ba ki wannan tabbaci, Allah Ya ƙara mata lafiya. Ki zauna da ita da daddare, ki nemi izininta, ki kunna ɗaukar murya a waya ki ajiye gefe. Kada ki ce ta ba ki tarihin Jiddo, za ta ce mutumin kirki ne Allah Ya jiƙansa, ta yi shiru. Ki tsokane ta irin ta kishiya. Me kika gani a jikin baƙon da ko Hausa bai iya ba? Wa ya shige masa gaba wurin neman aure tunda ba shi da dangi a gari? Tuwon farko da kika yi masa ya ci ko ya ture? Wa ya koya miki kisira da gahawa mai citta? Ranar da saƙon rasuwar mahaifiyarsa ya iso, me ya yi? Ya taɓa ɗaure kaya zai koma? Irin waɗannan ke buɗe bakin tsofaffi. Bayan ita sai tsofaffin leburorin gonar gwaji, da direba, da abokan sahunsa a masallaci. Hadisi ya sa sada zumunci da masoyan uba cikin mafi girman biyayya. Na ƙarshe da za ki nema shi ne Kawu, in zuciya ta sauka, tambaya ɗaya kuma za ki yi masa: "Kawu, yaya yake lokacin da kuke yara?" Ki bar shi ya faɗi mai daɗi da marar daɗi. Ba mamaki tunda uban ya rasu kowa gado yake yi masa magana, ba wanda ya tambaye shi wannan.

Wasiƙun nan ki juya bayan ambulan, akwai sunaye. Dangin Jiddo na can suna da haƙƙin su ji ya rasu su yi masa addu'a. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu 2023 ya isa Wad Madani a Disambar wannan shekara, garin ya faɗa hannun dakarun RSF masu yaƙi da sojan gwamnati, mutane suka watse, sai a Janairun 2025 soja suka ƙwato shi. Tsohon adireshi zai yi wuya ya kai ki ga kowa, amma cikakken suna irin na Sudan, mai jera uba da kaka da kakan uba, yana kaiwa. Ki fara da 'yan Sudan mazauna Kano da ɗalibanmu da suka yi karatu a can. Ƙungiyar Red Cross ma tana da sashen haɗa dangin da yaƙi ya raba. Hanyar tsohuwa ce, Jiddo a juye ya biyo ta. Alhazanmu sun bi ta da ƙafa ƙarni bayan ƙarni, da yawa suka tsaya cirar auduga a Jazira don neman guzuri har suka zama 'yan can, garin Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu kuwa waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 suka kafa shi. Ƙila Hausar farko da ta shiga kunnen kakanki a gonakin garinsu ya ji ta.

Akwai Bakatsinen da ya yi irin tafiyarsa, shi gabas ya nufa: Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, masanin lissafi da taurari, wanda ya yi rubutu a kan gina hatimi, murabba'in lambobin nan da kowane layinsa ke ba da jimla ɗaya. Ya yi hajji, ya zauna Alƙahira, ya rasu a 1741 a gidan wani malami, Hasan al-Jabarti, ya bar masa amanar littattafansa. Ɗan mai gidan, Abdurrahman, wanda aka haifa fiye da shekara 10 bayan rasuwar baƙon, shi ya girma ya zama marubucin tarihin Masar, ya sa labarinsa a cikin na malaman zamanin. Bai taɓa ganinsa ba. Ke kin zauna a cinyar naki.

Ma'aunin ruwan ban ji kin ce Kawu ya ambace shi ba, ina jin yana nan a tsakar gida ya sha ƙura. Mahaifiyarki ta haɗa da shi a cikin abin da za ta roƙa. Ki wanke mazurarin, ki kafa shi a fili, nesa da indararo da rassan bishiya, bakinsa a daidaice. Ki duba littafin ƙarshe ki ga ƙarfe nawa yake karantawa da safe, ki bi wannan lokaci. Ki sayi sabon littafi mai bango mai ƙarfi, ki ja layukan yadda yake ja. Sai ki nemi autan Kawu ya riƙa zuwa yana taya ki karantawa duk ranar da aka kwana da ruwa. Ki nemi izinin uban tukuna.